Sun Ce Mu Kawo “Cogent Reason”: To, Nasu Fa?



Da wuya a sami malamin da ya yi shekara goma yana riƙe da alli a wannan reshe namu bai taɓa karɓar takardar tuhuma ba, ko kuwa bai taɓa zama ya taya abokin aikinsa amsa ta ba. Duk mun san kamanninta. Rabin shafi ce, da Turanci, da hatimi a ƙasa. Takan fara da cewa an lura ba ka zo aiki ba ran kaza, ko ka makara, ko an tarar da rajistarka ba a cike ba. Daga nan sai ta ba ka awa ashirin da huɗu ko arba’in da takwas ka bayyana a rubuce abin da zai hana a hukunta ka. Kuma ba kowane irin dalili ake nema ba, sai wanda takardar ta kira “cogent reason”. In an ƙi amsarka, jimla ɗaya tak ake dawo maka da ita: wai dalilinka bai zama “cogent” ba. Ba a faɗin inda ya gaza. Sai dai ka ga an zaftare albashi, ko an jefa takardar gargaɗi cikin fayil ɗinka, ta kwanta can tana jiran ranar ƙarin girma.

A zangon karatun da ya wuce haka ta faru da wata malama a cikinmu. Zazzaɓi ya kama ɗanta da tsakar dare har yana jijjiga, ta kwana da shi a asibiti, da asuba ta aika wa hedimasta saƙo. Aka yi rashin sa’a ranar ce masu duba makarantu suka zo. Ta amsa tuhumar a kan lokaci, ta haɗa da katin asibiti da takardar magani mai ɗauke da kwanan wata. Amsar da ta dawo mata ita ce wadda muka saba ji. A wannan watan kuwa, albashin dukanmu bai shigo ba sai da sabon wata ya yi kwana goma sha biyu, kuma ko layi ɗaya ba a rubuto mana ba don bayyana dalili.

Mu malamai ne, sana’armu ita ce sanin ma’anar kalma kafin mu sa yaro ya maimaita ta. Kalmar da ake yanka mana albashi da ita ta cancanci mu zauna mu kwance ta, mu ga abin da ke cikinta, mu ga kuma a wuyan wa ta fi nauyi.

Abin da kalmar take nufi

“Cogent”, wadda ake furtawa kamar “kojent”, ta shiga Turanci ne wajen tsakiyar ƙarni na 17. Tushenta kalmar Latin ce, “cogere”, wadda aka gina daga “co”, wato tare, da “agere”, wato korawa ko tafiyar da abu. Romawa kan yi amfani da ita wajen tara tumaki a kora su wuri guda, da wajen tara sojoji, daga nan kuma ta ɗauki ma’anar tilastawa. Duk wanda ya taɓa ganin makiyayi da la’asar sakaliya yana haɗo kan shanunsa, ya tare wannan ta nan, ya tare waccan ta can, har su bi burtali ɗaya zuwa rafi, ya riga ya ga hoton da ke cikin kalmar. Da tafiya ta yi nisa sai Turanci ya keɓe ta ga irin tilascin da hujja ke yi wa hankali. Magana takan zama “cogent” ne idan ta tattaro dalilai, ta toshe duk wata kafar zillewa, har mai sauraro ya ga ba shi da hanya sai ya yarda, ko da ransa bai so ba.

Littattafan mantiƙi na Turanci sun ƙara ɗaure kalmar da sharuɗɗa biyu. Na farko, abubuwan da aka gina maganar a kansu su kasance gaskiya. Na biyu, su kasance suna da ƙarfin ɗaukar hukuncin da aka ɗora musu. Idan mutum ya ce ya makara ne don gada ta karye, alhali gadar tana nan lafiya, ƙafa ta farko ta karye. Idan kuwa gadar ta karye da gaske, amma ba ta kan hanyarsa ta zuwa makaranta, ƙafa ta biyu ce ta karye. Hujjar da ta tsaya da ƙafafun nan biyu, ita ce ta cancanci wannan suna.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Al-Maghili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, masanin mantiƙi ne, har ya yi musayar rubutu da Imam Suyuɗi yana kare halaccin karanta shi. A zaurukanmu, masu karanta littafin Sullam na Al-Akhdari sun san an kasa hujjar hankali kashi biyar: burhani, wanda ake ginawa a kan yaƙini, da jadali, wanda ake kayar da abokin musu da shi, da khaɗaba, mai jan ra’ayin jama’a, da shi’iri, mai motsa zuciya, da safsaɗa, wadda yaudara ce a cikin rigar hujja. Malamanmu na zaure sun daɗe da rarrabe maganar da ke tilasta hankali da wadda ke lallashinsa da wadda ke ruɗinsa.

Da wace kalma za mu fassara ta? Da yawa kan ce “gamsasshen dalili”, kuma ba laifi. Amma akwai tarko a ciki, domin gamsuwa a zuciyar mai sauraro take, kuma mai sauraro yana iya cewa bai gamsu ba ko da an kawo masa rana da wata. Mu mun fi son “ƙwaƙƙwarar hujja”. Ƙwari a jikin abu yake. Igiya in ƙwaƙƙwara ce, ƙwaƙƙwara ce, ko mai rijiya ya yaba ko bai yaba ba, kuma wanda ya ce ruɓaɓɓiya ce, sai ya nuna inda ta tsinke.

Yadda aka juya ta

A nan ne rigimarmu take. A bakin ofis, “cogent” ta bar ma’anarta ta koma nufin “abin da ya yi wa maigida daɗi”. An cire ƙarfin daga jikin hujja an damƙa shi a hannun mai hatimi. Kalmar da aka tanada don hankali ya rinjayi iko, ita aka mayar sandar da iko ke dukan hankali da ita.

Mu auna maganar malamar nan a kan ma’aunin kalmar. Ɗanta ya yi rashin lafiya? Ga katin asibiti. Rashin lafiyar ta kai ta hana uwa zuwa aiki? Duk wanda ya taɓa riƙe yaro mai jijjiga a hannunsa ya san amsa. Ta sanar da shugabanta? Saƙon yana nan a waya da lokacin da aka aika shi. Ƙafa biyu a tsaye. Wanda zai ce wannan ba ƙwaƙƙwarar hujja ba ce, wajibi ne ya faɗi ɗaya daga cikin biyu: ko dai katin na jabu ne, ko kuwa uwa tana iya barin ɗa a gadon asibiti ta zo ta koyar da jadawalin sau. In bai iya faɗin ko ɗaya ba, to, abin da ya rubuta ba hukunci ba ne, ra’ayinsa ne ya sa masa rigar Turanci. Kuma mun lura Turancin yana da amfani a wurinsa. Da a ce da Hausa zai rubuta “dalilinki na kwana da ɗanki a asibiti ba shi da ƙwari”, da kunya ta hana shi sa hannu.

Abin da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya sani shi ne, a dokokin ƙasar nan ba a kan talaka kaɗai aka ɗora wannan kalma ba. Dokar Zaɓe ta 2010 a sashe na 26, da ta 2022 a sashe na 24, sun ba hukumar zaɓe damar ɗage zaɓe idan ana tsoron ɓarkewar rikici ko bala’i ya auku, amma da sharaɗin dalilin ɗagewar ya zama “cogent”, ya kuma zama wanda za a iya tabbatarwa. A 2015 an ɗage zaɓen shugaban ƙasa da mako shida, daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A 2019 an ɗage shi da mako ɗaya, daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu. Ko mutum ya gamsu da bayanan da aka yi ko bai gamsu ba, a duka lokutan biyu sai da shugaban hukumar ya fito bainar jama’a ya faɗi dalilinsa, aka kuma yi ta yi masa tambayoyi. Idan hukumar da ke shirya zaɓen ƙasa baki ɗaya ba ta fi ƙarfin kawo hujja ba, yaya teburin da ke riƙe da fayil ɗin malamin aji uku zai fi ƙarfinta?

Haka kuma sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya kafa haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. Sauraro kuwa ba karɓar takarda a jefa a aljihun tebur ba ne. Sannan akwai Shawarwarin da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da su a Faris ranar 5 ga Oktoba, 1966, game da matsayin malamai, waɗanda don tunawa da su muke bikin Ranar Malamai ta Duniya kowace shekara. A cikinsu an jera haƙƙoƙin malamin da ake tuhuma: a sanar da shi tuhumar da dalilanta a rubuce, a ba shi damar ganin shaidun da aka tara a kansa, ya kare kansa ko wakilin da ya zaɓa ya kare shi tare da isasshen lokacin shiri, a sanar da shi hukuncin da aka yanke da dalilan hukuncin a rubuce, kuma ya sami damar ɗaukaka ƙara. Shawarwari ne, ba doka ba ce da kotu za ta tilasta, kuma dole mu faɗi haka don kada mu ma mu gina magana a kan abin da ba shi ne ba. Amma waɗanda ke zuwa su zauna a rumfa tare da mu ranar 5 ga Oktoba, suna karanta jawabi a kan darajar malami, ya kamata su san abin da ranar take tunawa.

Mu ɗora nasu dalilan a kan sikelin

Hausawa sun ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Tun da an koya mana cewa ba a karɓar dalili sai ƙwaƙƙwara, bari mu ɗauko dalilan da ake ba mu, in an ga damar ba mu, mu auna su.

Na farko: “Babu kuɗi.” Wannan magana ce da ake iya tabbatarwa ko ƙaryatawa, domin kason da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana buga shi wata-wata. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru, a daidai lokacin da kuɗin mota da na kwanon masara suka ninka a kanmu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mai cewa babu kuɗi sai ya shimfiɗa mana lissafi: ga abin da ya shigo, ga abin da albashin malamai ke ci, ga inda sauran ya tafi. In lissafin ya nuna babu, za mu yi haƙuri, domin mu ne muke koyar da ɗebewa. Amma “babu” da baki kawai, daga mutumin da ya sauko daga sabuwar mota, ba ta da ko ƙafa ɗaya. Ko kuɗin gina azuzuwa ma haka abin yake. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin bai-ɗaya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara da shekaru hukumar UBEC tana kukan cewa biliyoyin nairori na kwance jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Wannan kuɗi ba na albashi ba ne, mun sani. Amma yana nuna cewa rufin ajin da ke yoyo a kan yaranmu ba kullum rashin kuɗi ne ya bar shi haka ba.

Na biyu: “Ana tantancewa.” Wai akwai malaman bogi a jerin masu albashi, don haka a dakatar da na kowa. A nan ƙafa ta farko tana iya zama gaskiya, ba mu musa ba. Ta biyu ce gurguwa. Kasancewar sunan wanda babu shi a takarda ba ya halatta riƙe haƙƙin wanda yake tsaye a gaban allo, wanda hedimasta ya san shi, mai unguwa ya san shi, yara tamanin suna gaishe shi kowace safiya. Kuma wa ke da alƙalamin shigar da suna a jerin albashi? Malamin aji ba shi da mabuɗin wannan ofis. Ɓera na cikin rumbu, an zo ana dukan kaza a tsakar gida.

Na uku: “Ladan malami yana lahira.” Muna fatan haka, kuma muna roƙon Allah Ya tabbatar. Amma masu mantiƙi za su ce wannan khaɗaba ce, ana lallashin zuciya da ita. Mai gidan haya ba ya karɓarta, mai kemis ba ya karɓarta, kuma wanda ke faɗinta bai taɓa barin nasa albashin sai lahira ba.

Na huɗu shi ne shiru, kuma shi ya fi yawa. A 2008, bayan yajin aikin da ƙungiyarmu ta yi a faɗin ƙasa, gwamnoni sun amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari ga malamai, aka kwashe shekaru ana jan ƙafa a wurare da dama. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta mayar da ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, amma aiwatar da ita ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, amma sai da malaman firamare na Babban Birnin Tarayya suka yi fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan batu da bashin da suke bi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kowa a cikinmu ya ƙirga kawunan da ke gabansa gobe da safe. A duk waɗannan, malami nawa ne a cikinmu ya taɓa karɓar takarda mai hatimi da ke bayyana masa dalilin jinkiri? Mu ana ba mu awa ashirin da huɗu. Su sun ɗauki shekaru, kuma har yau ba su amsa ba.

Laifi tudu ne

Za a ce mana: to ku malamai ba kwa laifi ne? Muna yi. Kuma maganar da ta ɓoye wannan ba za ta zama ƙwaƙƙwara ba. Akwai a cikinmu wanda ranar kasuwa ba a ganinsa sai bayan tara. Akwai wanda da damina gonarsa ce ajinsa na farko. Akwai wanda ya kashe kakarsa sau uku a takardar neman izini. Waɗannan su ne suke ba ofis damar yi wa kowa kuɗin goro, kuma yaran da suke bari babu malami ’ya’yan maƙwabtanmu ne, wasu ma namu ne. Ba mu ce a daina tuhuma ba. Makarantar da ba a tambayar malami ina ya je, ta mutu. Abin da muka ce shi ne, tuhuma tattaunawa ce tsakanin hankali biyu. Ka nemi hujjata, na kawo. In ka ƙi ta, ka nuna mini inda ta karye. Wannan tsari ma shi ne zai fi kama maƙaryaci, domin jami’in da ya san dole ya rubuta dalilin ƙin amincewa, dole ya bincika. Wanda kuwa jimla ɗaya ta ishe shi, ba ya buƙatar bambanta katin asibiti na gaske da na jabu, sai ya hukunta mai gaskiya, ya yafe wa wanda ya san hanyar gidansa.

Laifinmu na biyu yana cikin yadda muke amsawa. Mun ga amsoshin tuhuma da yawa a ofishin reshe. Shafi guda na ban-haƙuri da rantsuwa da kirari, da manyan kalmomin Turanci da aka aro daga takardar wani, amma babu kwanan wata, babu lokaci, babu shaida. Roƙo ba hujja ba ne. Mai roƙo ya riga ya amsa laifi, yana neman sassauci ne kawai. Da hannunmu muke taya su mayar da kalmar nan ta zama “abin da ya yi wa maigida daɗi”.

Na uku yana cikin tarukanmu. Sau da yawa wanda ya fi ɗaga murya shi ke samun tafi, wanda ya zo da takardar lissafi kuwa sai a ce ya taƙaita. Mun san yajin aiki haƙƙinmu ne, kuma tun da aka kafa wannan ƙungiya a Yulin 1931, ƙarƙashin jagorancin Rabaran I. O. Ransome-Kuti, kaɗan ne daga cikin abin da malamai suka samu ya zo ba tare da matsi ba. Amma mu tuna tsohuwar kalmar Latin ɗin nan fuska biyu gare ta: tilasta hankali da tilasta jiki. Yajin aiki fuska ta biyu ce. Idan ta zo bayan ta farko, iyayen yara suna tare da mu, domin sun ga lissafin da idonsu. Idan ta zo ita kaɗai, abin da suke gani kawai shi ne ƙofar makaranta a kulle da yara suna gararamba, kuma gidan rediyo yana hannun wanda muke rigima da shi.

Na huɗu ya fi ciwo, domin a cikin aji yake. Yaro ya makara, ya buɗe baki zai ce an aike shi ɗibar ruwa, sai mu ce ya rufe mana baki ya durƙusa. Yarinya ta tambayi me ya sa ake aro ɗaya daga gidan goma, sai mu ce haka ake yi. Jami’in da ya rubuta wa malamar nan jimla ɗaya ba daga sama ya faɗo ba. A benci irin namu ya zauna, kuma wataƙila a wurin ɗaya daga cikinmu ya koyi cewa babba ba ya bayar da dalili.

Abin da muke kira a yi

Ga ’yan uwa: kowa ya ajiye littafi ɗaya a gida. Ranar da albashi ya shigo, a rubuta kwanan wata da adadi. Abin da aka zaftare, a rubuta. Ranar da ƙarin girma ya kamata ya zo, a rubuta. Duk takardar da aka karɓa ko aka miƙa, a yi mata hoto a ajiye, kuma kada a miƙa amsar tuhuma sai an sa hannu a kwafinka cewa an karɓa. In za ka amsa, ka faɗi abin da ya faru, da rana da lokaci, da wanda ka sanar, ka haɗa shaida, ka tsaya nan. Layi takwas masu ƙafa sun fi shafi biyu na magiya. In kuwa laifinka ne, ka amsa shi da gaskiya, domin ƙarya fure take, ba ta ’ya’ya, kuma ƙaryar mutum ɗaya tana raunana gaskiyar mutum ɗari.

Ga shugabannin reshe: a naɗa mutum biyu ko uku masu alƙalami da za su riƙa zama da duk wanda aka tuhuma kafin ya amsa. A tattara littattafan ’yan uwa a fitar da jadawali ɗaya na abin da ake bin kowa, suna da suna, wata da wata, a je da shi teburin tattaunawa, a kuma karanta shi a taron iyaye da malamai. Duk lokacin da aka dawo wa ɗan ƙungiya da jimlar nan ɗaya, reshe ya rubuta cikin ladabi yana tambaya: wane ɓangare na bayaninsa ne ba gaskiya ba, ko wane ɓangare ne bai isa ba? A ajiye kwafi. In ta kai ga Kotun Ma’aikata, waɗannan takardu ne za su yi magana.

Ga hukuma: buƙatarmu ba ta cin kasafi ko kwabo. Duk hukuncin da za a yanke wa malami, a rubuta dalilinsa. Duk watan da albashi zai yi jinkiri, a rubuto mana dalili kafin wata ya mutu, da kalmomin da za a iya tabbatarwa. Ma’aunin da kuka miƙo mana mun karɓa, kuma ba mu ce a sassauta shi ba. Mudu ɗaya muke so a kasuwar nan, wanda ake auna mana da shi, a auna muku da shi.

Ga iyalanmu kuma, ku da kuke rage cefane in wata ya yi nisa, kuke ba mai shago haƙuri a madadinmu: in kun ga mun zauna da daddare muna cike wani littafi da lambobi, ku taya mu tunawa da kwanakin, domin sau da yawa kun fi mu riƙe su.

Malamar da muka ambata ta koma ajinta, ɗanta ya warke, alhamdu lillahi. Kuɗin kwana biyun da aka zaftare mata ba su dawo ba tukuna. Reshe ya rubuta yana tambayar inda hujjarta ta karye, kuma mun ba da mako biyu, wanda ya ninka awa ashirin da huɗun da aka ba ta sau goma sha huɗu. Duk amsar da ta zo, ko shirun da ya zo a madadinta, za mu buga muku shi a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da hujja, Ya kuma ba shugabanninmu ikon saurarenta. Amin.